Contax G1 da G2: shin bambancin otofokus ya kai bambancin kuɗin?

Sani_Zariya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa riƙe kyamarar fim Contax G1 ko G2 da hannunsu, ba waɗanda suka gani a YouTube ba. Wani ɗan'uwana da ke Beljik ya samu duka biyun a shagon tsofaffin kaya, kowacce da gilashin Planar 45 (wato mai milimita 45), amma kuɗin da ake nema a G2 ya ninka na G1 har da ɗori. Abin da nake ta ji shi ne wai otofokus ɗin G1, wato saitin da kyamara ke yi da kanta, ba abin dogaro ba ne, sai ka wanke fim ka tarar bango ya fito tar, mutumin da ka ɗauka kuwa ya yi dishi-dishi. Gaskiya ne, ko zancen masu son sayar da mai tsada ne? Aikin cin abinci da dijital nake yi, wannan ta sha'awa ce: hawan Sallah, kokawa, kasuwa, sai hotunan iyali cikin gida.

Hama_Mokoyo
G2. An gama magana. Araha ba ta ado.

Mushe_Isufu
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin a ce wannan ta fi wannan, gara a san yadda kowacce ke auna nisa. Kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera su duka, G1 a 1994, G2 a 1996. Babu wacce ke duba saiti ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton. Akwai 'yan tagogi a goshin kyamarar, ta nan take kallon abin da ka nufa daga wurare biyu, ta gwada abin da ta gani nan da can, ta lissafa nisa, sannan wani ɗan inji da ke cikin jikinta ya murza gilashin ya kai shi wurin.

G1 wannan hanyar kaɗai gare ta. Saboda haka dole abin da ka ɗora wa saiti ya zama yana da layi, ko wani wuri da haske ya rabu da duhu. In ba ta samu ba, sai ta tsaya. Tana da 'yar jar fitila da ke taimaka mata cikin duhu, amma ba ta kaiwa nesa.

G2 an ƙara mata hanya ta biyu. Tana harba hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ya bugi abin ya dawo, ta samu kimanin nisan, sai hanya ta farko ta ƙarasa gyaran. Shi ya sa ta fi saurin yanke hukunci, musamman a kusa da kuma cikin duhu. Amma shi ma infirared ɗin 'yan mitoci ne iyakarsa. In abu ya yi nisa, ta koma aiki irin na yayarta.

Hadiza_Hoto
Ni G1 ce a hannuna kuma ban ga abin da zai raba ni da ita ba. Maganar layi da Mushe ya yi, nan zancen yake. A ce ango ya sha farar shadda, ka ɗora saiti a tsakiyar ƙirjinsa inda babu komai sai fari, alamar cikin taga za ta yi ta ƙyaftawa, ka danna ta ƙi ɗauka. Ni wuyan riga nake nema inda aka yi aiki, ko zanen hula. In na danna rabi ta kama, sai in riƙe yatsana a haka, in gyara zaman hoton yadda nake so, in ƙarasa dannawa. Kuma layin da ke tsaye take so. In abin duk a kwance yake, irin matakala ko ƙofar shago ta ƙarfe mai naɗewa, sai in ɗan karkata kyamarar ta kama, in miƙe ta.

Abu na biyu, wanda mutane ba sa kula da shi: a ƙasan tagar leƙe akwai ma'aunin da ke nuna kusa ko nesa. Mutum na gabanka taku uku, ma'auni ya tafi can ƙarshe wajen nesa, ai ka san bango ta kama. Saki ka sake. Yawancin masu kuka da G1 ba sa kallon wurin nan.

Lawali_Tibiri
Hajiya Hadiza, wanga duk gaskiya ne in mutum na tsaye shina jiranki. Doki hwa? Ni na riƙe G1 da dogon gilashi Sonnar 90 ranar hawan Sallah nan Tibiri. Kahin ta gama kukanta ta kama, mahayin ya wuce, sai wutsiya. Waɗanda ta yarda ta ɗauka kuma, 'yan kallon baya sunka hito garau har ana gane su, dokin da kayan adonshi sunka narke. Daga baya wani aboki ya ara mini G2, gilashin dai shi ne, kuma bambancin a hili yake. Ba ta yi mini wanga tunanin na G1 ba.

Hadiza_Hoto
Malam Lawali, 90 a kan doki mai sukuwa? Ai wannan ko G2 ce sai da rabo.

Mushe_Isufu
@Lawali_Tibiri ka haɗa abubuwa biyu mafi wuya a wuri guda, dogon gilashi da abu mai gudu. Bari in sa lissafi. Sonnar 90 da idon gilashin a buɗe gaba ɗaya, wato f/2.8 (in lambar ta ƙaru, idon na tsukewa), mutum na nisan mita 2: wurin da zai fito tar daga gaba zuwa baya wajen santimita 8 ne kacal. Kauce kaɗan, ido ya tafi, kunne ya fito. Planar 45 kuwa a f/8, ka saita mita 3, komai daga wajen mita 2.2 zuwa 4.6 zai fito. Gilashi mai faɗi Biogon 28 a f/8 a mita 3 ɗin nan, daga kimanin mita ɗaya da rabi har can nesa sosai. Ke nan da 28 ko 45 cikin ranar Maradi, ko kyamarar ta ɗan yi kuskure ba za ka gan shi a hoto ba.

Shi kuma doki, in yana gudun kilomita 40 a awa, yana cin sama da mita 11 a daƙiƙa guda. Jinkirin kwatan daƙiƙa kusan mita 3 ke nan. Wurin da kyamara ta auna, doki ya riga ya baro shi.

Baba_MaiHoto
Salamu alaikum yara. Ni ban taɓa riƙe ko guda cikin biyun ba, amma na ci abinci da Yashica Electro 35 tun kahin a haihi wasunku. Cikin tagarta akwai ɗan tabo a tsakiya, hoto ya rabu biyu, ka murɗa gilashi har su haɗe. Idonka ne shaida. Wagga taku da kuke hwaɗi, in na gane daidai, taga garau take ko ta kama ko ba ta kama ba. To mutum ya ba inji amana ido ruhe?

Hawan Sallah kuwa, mu ba mu bin doki da saiti. Wuri muke zaɓe, inda kohwaton dawaki ya tona ƙasa ko gindin wani icce, mu auna nan, mu jira. Doki ya taka wurin, mu danna. Haka munka yi wa sarakuna hoto kuma har yau shina rataye a zaurukan mutane.

Abba_KT
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai 'yan gida ɗaya ne da taka, don Kyocera ta haɗe Yashica tun 1983. Kuma ka gane daidai, tagar Contax G ba ta nuna saiti da ido. Tana dai faɗaɗa ko ta matse gwargwadon gilashin da ka ɗaura, tana kuma gyara iyakar hoto in abu ya matso kusa, amma komai garau kake ganinsa.

Ni G2 nake riƙe da ita nan Katsina. Abin da ya fi saurin injin muhimmanci a wurina shi ne inda aka sa maɓallan. A bayanta, daidai babban yatsa, akwai makunni mai matsayi uku, MF (saitin hannu), SAF (ta kama sau ɗaya ta kulle), CAF (ta riƙa bin abu), da maɓalli a tsakiyarsa. In na danna shi gilashi ya riga ya fita ya tsaya a nisan, ina riƙe, lokacin da abin da nake jira ya faru sai in ɗauka ba jinkiri. Wannan shi ne dabarar Baba, sai dai inji ne ya auna. A G1 kuwa ba ka zaɓen irin saiti shi kaɗai. In ka sa ta a hoto ɗaya-ɗaya, ta kama sau ɗaya ta kulle. In kana son ta riƙa bin abu, dole ka sa ta a ɗauka a jere. Saitin hannu ma, G2 tana da 'yar ƙafa mai juyawa a gaba ƙarƙashin yatsa, G1 kuwa faifai ne a sama, kuma yana saurin gocewa in hannunka ya goge shi.

Abin da suka yi tarayya a kai, wanda ba na so: bayan kowane hoto gilashi na komawa gida, hoto na gaba ya sake fitowa, da ƙara kamar injin aski. A masallaci ko wajen ɗaurin aure kowa sai ya waiwayo.

Hama_Mokoyo
Ga shi nan dai kun dawo maganata. G2 hoto 4 take ɗauka a daƙiƙa, G1 kuwa 2.

Rabi'u_Bagalam
Hama, hoto 4 a daƙiƙa, fim mai 36 ya ƙare cikin daƙiƙa 9. Kai za ka riƙa saya masa?

Nasiru227
Ku yi haƙuri da katsalandan. Wayata Tecno tana kama fuska kafin in ce bismillah, hoto ya fito nan take, ban biya ko dala ba. Mutum ya kwashi jikkuna ya sayi kyamarar da ta girmi wasunmu, sannan ya zo yana muhawara ko za ta ga mutum ko ba za ta gan shi ba. Me ake nema?

Hadiza_Hoto
Nasiru, ka taɓa riƙe negatif ɗin Planar 45 a haske? In ka riƙe sai mu yi magana. Kuma gilashin waya ɗan mitsitsi ne, kusan komai tar yake fitowa, ba wani abin a yaba mata ba ne.

Admin_Zaure
'Yan'uwa, zauren fim ne nan. Mai son zancen waya ya buɗe nasa. A ci gaba.

Rabi'u_Bagalam
Tunda an taɓo kuɗin fim, don Allah ina kuke wanke naku? Ina da Kodak Gold biyu a firij tun bara.

Usman_Labo
Mai launi ni tarawa nake in ba mai zuwa Kano ko Yamai. Maganin wanke shi, C-41, yana son zafi kusan digiri 38 kuma ba ya son ya motsa, ga shi in ka haɗa shi ba ya jimawa, ba riba in fim biyu kawai gare ka. Baƙi-da-fari kuwa a gida nake yi, Ilford HP5 da maganin ID-11. Wahalarsa guda, digiri 20 ake so, ruwan pampo kuwa a watan Afrilu kamar an dafa shi. Sai na sayi ƙanƙara na sa a roba, in tsoma kwalaben ciki ina duba ma'aunin zafi. Shanya kuma a makewayi nake yi bayan na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa, in ba haka ba ƙura ta manne a jiki.

Wannan ma ya shafi tambayar Malam Sani. Sau da yawa wanda ya ce kyamara ba ta kama saiti ba, in ka duba negatif da gilashin ƙara girma sai ka ga lafiya lau yake, wurin sikan ne aka ɓata. Wani kuma hannunsa ne ya girgiza. In babu ko wuri ɗaya a hoton da ya fito tar, ba laifin otofokus ba ne, girgiza ce. In bango ya fito mutum bai fito ba, to nan ne za a tuhumi saiti.

Sani_Zariya
Na gode ƙwarai, ina biye. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne cikin gida. Ranar suna a ɗakin mai jego, ƙwan lantarki ɗaya, wani lokaci ma an ɗauke wuta sai fitilar caji. Hajiya Hadiza, G1 na iyawa a nan?

Hadiza_Hoto
Tana iyawa, amma sai ka yi haƙuri da ita. Jar fitilar za ta haska, wani lokaci sai ka danna sau biyu ko uku. Ni atamfar uwar nake nema ko bakin zanen goyo, ba fuskar jariri ba, don fuskar jariri sumul take ba abin kamawa. Ba zan ɓoye maka ba, a nan G2 ta fi ta.

Abba_KT
A ɗaki dai ba a haɗa su. Mita biyu, uku, ko duhu ne G2 za ta kama, don ba ta jiran hasken ɗakin. Sai dai ka tuna ko ta kama, a f/2 da mita 1 abin da zai fito tar bai fi santimita 6 ba. In ka kulle saiti sannan ka ɗan sunkuya gaba, kai ka ɓata, ba ita ba. Kuma in da hali ka nemi ƙaramin filashinsu, TLA 140 ko TLA 200, ka rufe ido zuwa f/5.6, ka huta.

Ibro_Yamai
Ni ban ga wanda ya ambaci Konica Hexar AF ba. Ta fito a 1993, gilashi 35 f/2, otofokus ɗinta infirared ne zalla, duhu bai dame ta ba, kuma shiru gare ta, ba wannan kukan na Contax. In don ɗakin mai jego ne ita ce magani.

Mushe_Isufu
Ibro, gaskiyarka a kan duhu da shiru. Amma gilashinta ba ya cirewa, kuma saurin shatarta, wato ƙyauren da ke buɗe wa fim haske, 1/250 na daƙiƙa ne iyaka. A ranar Maradi da fim 200 (lambar saurinsa na kama haske) kullum kana f/16 ko kusa da haka.

Wannan ma ya tuna mini wani bambanci da ke shafar saiti ta bayan gida. G1 tana tsayawa a 1/2000. G2 tana kai 1/4000 in da hannu ka sa, 1/6000 in ita ta zaɓa. Da tsakar rana da fim 200, haske na neman kimanin 1/1600 a f/5.6, ke nan G1 ba za ta bar ka ka buɗe fiye da haka sosai ba, G2 kuwa za ta kai ka kusan f/2.8. Mai G1 da rana ba ya ma shiga wurin da kuskuren saiti ke bayyana. Mai G2 ne ke da damar buɗewa, shi ne kuma ke buƙatar saiti mai kyau. Wanda ke son buɗe ido da G1 sai ya sa matatar rage haske, kuma 28, 35, 45 da 90 duk baki ɗaya gare su, milimita 46.

Dan_Madarunfa
Ba wanda ya yi maganar hunturu. In hazo ya sauka, ka tsaya bakin tafki ka nufi masunta a can tsakiya, sama fari ruwa fari, babu wacce za ta kama. Na gwada da G2, infirared ba ya kaiwa, ɗaya hanyar kuma ba ta ga layi ba. Sai dai ka mai da ita hannu ka kai ta ƙarshen nisa. Haka in ka nufi zana ko dannin kara, layukan duk iri ɗaya ne a jere, tana iya rikicewa ta ba ka nisan da ba shi ba ne.

Sannan ku riƙa goge 'yan tagogin nan na goshi. Mutum zai yi ta lallaɓa gilashi da ƙyalle mai laushi, ya manta ba ta nan take auna nisa ba. Kwana biyu a kan kabu-kabu cikin ƙura sun isa su dusashe su. Yatsa ma yana rufe su in ba ka iya riƙo ba.

Lawali_Tibiri
Dan_Madarunfa ya hwaɗi gaskiya kan tagogi. Amma ni har yanzu ina kan bakana. Duk dabarun da kuke lissahwawa, karkata ta, nemi wuyan riga, duba ma'auni, danna sau ukku, ai aiki ne kuke yi ma kyamara. In zan yi wanga wahala duka, gara in ɗauki irin ta Baba in murɗa da hannuna. Wanda ya sayi mai otofokus ya saye ta ne don ta yi mishi aikin.

Hadiza_Hoto
To ita G2 ɗin ba a duba ma'auninta? Wuri ɗaya ne a tsakiya take aunawa, kamar G1. Ka sa mutum biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa ka nufi tsakaninsu, bango za ta kama ita ma, sai dai ta kama shi da sauri.

Baba_MaiHoto
Wagga magana ta ɗiyata Hadiza ta ba ni dariya. Allah shi yi miki albarka.

Dan_Kokawa
Tunda Malam Sani ya ambaci kokawa bari in sa baki. A fili ba a barin kowa ya matsa, kana can bayan buhunan da aka kewaye da'ira da su, ko ma cikin 'yan kallo. Ke nan 90 za ka ɗaura, kuma 'yan kokawa na nisan mita 15 ko fiye. A wannan nisa infirared ɗin G2 bai da amfani, kamar yadda Mushe ya ce tun farko. Matsalar kuma ba jikin ɗan kokawa ba ce, don layu da guraye sun ishi kyamara abin kamawa. Matsalar ita ce suna zagaya juna a sunkuye, tsakiyar tagarka ta faɗa tsakaninsu, ta kama rigunan 'yan kallon tsallake. Ni hannu nake sawa. 90 a f/8, in na ajiye a mita 15, daga wajen mita 10 har 27 duk ciki ne, kusan da'irar gaba ɗaya. Sai in zuba ido ga ƙafa, don kaye daga ƙafa yake farawa. A wannan aikin G1 da G2 duk ɗaya ne, illa abin da Abba ya ce na faifan G1 mai gocewa. Ɗan salatif ya magance shi.

Moussa_Gyara
Ni gyaran kayan lantarki nake yi, kyamarori na zuwa hannuna jefi-jefi. Kuna ta gwada G1 da G2 kamar yau aka fito da su daga kwali. Kyocera ta daina yin Contax tun 2005, kayan gyara sai dai a ciro daga wata matacciya. G1 mai lafiya ta fi G2 da aka taɓa yarwa ƙasa. In ma'aunin nisan ya goce, ba sukurun da zan murɗa maka a nan kasuwa, kuma duka biyun in lantarkinsu ya mutu ko hoto ɗaya ba za su ɗauka ba.

Malam Sani, ka ce wa ɗan'uwanka ya je shagon da mitar tela ko ta magina. Ya manna jarida a bango, ya tsaya a mita 1, mita 2, mita 3, mita 5, kowane wuri ya danna rabi sau da yawa ya ga ko nisan da kyamarar ke nunawa ya yi kusa da gaskiya kuma ba ya tsalle. Ya nufi wani gini mai nisa ya ga ko ta kai ƙarshe. Ya saurari injin, in yana kakarewa ko yana ƙara biyu-biyu a bar ta. Ya duba ƙananan allunan sama, don sukan yi baƙin tabo kamar tawada ta zube, musamman wurin ƙidayar fim. In mai shagon ya yarda a saka fim guda a wanke kafin a biya, ya fi komai.

Abba_KT
Ƙari a kan na Moussa: in G1 ce, ya buɗe baya ya duba takardar da ke manne a wurin da fim ke zama. In koriya ce, an gyara ta tana karɓar Planar 35 da Biogon 21 da suka fito daga baya. In mai ruwan azurfa ce, ba ta san su ba. Gilashin zum 35-70 kuwa G2 kaɗai ke aiki da shi.

Hama_Mokoyo
Wai ance mai koriyar takarda otofokus ɗinta ya fi sauri.

Abba_KT
Hama, gyaran na karɓar gilasai ne. Hanyar auna nisa ita ce dai ta G1, ba a ƙara mata infirared ba. Kar a ƙara wa Malam Sani kuɗi da wannan zancen.

Rabi'u_Bagalam
Pil fa, wato batir? Kar a kawo kaya a rasa abincinsa.

Moussa_Gyara
CR2 guda biyu, duka biyun. Ba irin wanda za ka samu a teburin mai shayi ba ne, ya sa a haɗo masa da yawa tun daga can. Kuma in pil ya yi sanyi injin saiti na yin nauyi, kar ka yanke wa kyamara hukunci da tsohon pil a ciki.

Zara_UDDM
Ni ɗaliba ce, lissafin aljihu nake yi. Da kuɗin G2 da gilashi ɗaya, za a iya samun G1 da 45 a ƙara Biogon 28, a sayi fim da canjin. Gilasan dai su ne, Carl Zeiss, hoton da ya kama daidai ba mai iya cewa wace ce ta ɗauka. G1 ma ta fi sauƙin ɗauka, giram 460, G2 kuwa 560. Yaya Sani ya lissafa abu huɗu: kokawa an ce duk ɗaya, kasuwa da rana duk ɗaya, doki Baba ya ba da dabara. Saura ɗakin mai jego.

Lawali_Tibiri
Zara, doki ba a gama da shi ba. Dabarar Baba hoto guda take ba ka, inda ka auna. In mahayi ya ja linzami doki ya miƙe taku biyar kahin wurin hwa? Nan ne hoton yake, kuma nan ne G2 ka tsere ma G1.

Dan_Kokawa
In 45 ne a f/8 taku biyar ba komai ba ne. Ku dai kun nace sai 90.

Lawali_Tibiri
Da 45 sai ka shiga gaban dawaki, dogarai su kore ka.

Sani_Zariya
Na tura wa ɗan'uwana saƙon Moussa yadda yake, da na takarda koriya. Amma gaskiya kun ƙara raba mini hankali. Lawali da Hajiya Hadiza, tunda Tibiri ba nisa da Maradi, me zai hana a haɗa su a gwada? Fim ɗin a wuyana.

Hadiza_Hoto
Na yarda. Malam Lawali ya aro G2 ɗin abokinsa, mu haɗu kasuwar dabbobi da safe, ga jajayen awaki ba sa tsayawa wuri ɗaya. Fim iri ɗaya, Usman ya wanke duka a tulu guda, kuma kar a faɗa masa wanne ne na wa.

Usman_Labo
HP5 za ku sa, shi nake da maganinsa. Amma 400 ne, da rana zai kai G1 wajen f/8, ba abin da za a gani. Sai dai ku fito da sassafe ko ku bari sai bayan la'asar.

Lawali_Tibiri
Bayan la'asar, kuma da 90 a buɗe. In da 45 za a yi, ban zuwa.

Hadiza_Hoto
Rabin fim 45, rabi 90. Ni ba ni da 90, sai mu riƙa musaya da naka.

Abba_KT
In za ku yi musayar gilashi cikin kasuwar dabbobi, ku juya wa iska baya, ku kife bakin kyamarar ƙasa. Kuma ku rubuta lambar kowane hoto da nisan da ta nuna a takarda, in ba haka ba za ku dawo nan kuna gardamar wace akuya aka nufa.